Motarka Ta Koma Shan Mai? Ga Yadda Za Ka Gano Inda Yake Tafiya

Idan ka zauna a kan benci a garejin Farin Gada da ke Jos na awa guda, sai ka ji wannan kuka fiye da sau ɗaya: "Oga, duba mini motar nan, kamar a rariya nake zuba mai." A da, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, mutum kan yi kukan ya wuce abinsa. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafi ya canza. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Yau lita biyu da mota ta ƙara sha a rana, kuɗin cefanen gida ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke fara gyara daga sayayya. A ce a canza fulogi, a canza. A ce nozul ne, wato abin da ke fesa wa injin fetur, a tafi kasuwar Dilimi a sayo. A ce famfon mai ne, a ƙara zuwa. Kuɗi ya ƙare, mota tana nan yadda take, don ba wanda ya tsaya ya gwada komai. Shawarata ita ce ka bi abin daki-daki, ka fara da abin da ba zai ci maka ko kwabo ba, kuma kada ka yarda a kwance wani abu sai an nuna maka shaidar cewa shi ne mai laifin.

Fara da awo

Yawancinmu da naira muke auna mai. "Da na dubu goma yana kai ni Bukuru in dawo har kwana uku, yanzu kwana biyu." Wannan ba awo ba ne, domin farashi yana motsi. Allurar tanki ma ba abar dogaro ba ce sosai, don a motoci da yawa rabin sama yana jimawa, rabin ƙasa kuma ya zube da sauri, saboda siffar tankin.

Ga yadda ake yi. Ka je gidan mai ka cika tanki har bakin famfo ya tsaya da kansa karo na farko. Kada ka ce a ƙara, kada a girgiza mota. Ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, ko ka rubuta lambar babbar mita a takarda. Ka ci gaba da zirga-zirgarka yadda ka saba har ka yi kilomita 250 zuwa 300. Sai ka koma wannan gidan man, in da hali wannan famfon, ka sake cikawa har ya tsaya. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta sha. Raba kilomita da lita. Idan ka yi kilomita 300 kuma lita 30 ta shiga, motarka tana yin kilomita 10 a kowace lita.

Na san cika tanki a wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne. Amma cikon farko ne kawai mai nauyi, kuma man bai ɓace ba, yana cikin tankinka.

Ka lura da abu guda da ke rikita mutane. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, mitarsu da mil take ƙirga. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 190 a mita ya ɗauka kilomita ne zai zaci motarsa ta lalace, alhali ya yi kilomita 304 ne.

To nawa ne daidai? Ƙaramar mota mai silinda huɗu irin Corolla mai injin 1.8, in tana da lafiya, takan yi wajen kilomita 10 zuwa 12 a lita a cikin gari, ta fi haka a kan doguwar hanya kamar ta Bauchi. Mai silinda shida irin Sienna ba za ta kai nan ba, kuma ba laifinta ba ne. Mutumin da duk tafiyarsa daga Unguwar Rogo zuwa Terminus ce, cikin cunkoson keke da fasinja, kada ya gwada kansa da mai zuwa Abuja kowane mako.

Idan kana zargin gidan man ne ke tauye mudu, ka je da jarkar da ka tabbatar da awonta, ka sayi lita 10 a ciki, ka gani da idonka. Man 'yan bumburutu kuwa, in ba dole ba, ka bar shi. Ba ka san awonsa ba, ba ka san abin da aka gauraya ba.

Taya da birki, kafin a buɗe bonet

Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin. Akwai takarda manne da ke nuna iskar da kamfani ya ce a sa wa taya, yawanci tsakanin 30 da 35 a ma'aunin PSI na geji. Da safe ake gwadawa, kafin taya ta yi zafi. Taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗuwa a kan kwalta, injin ya yi ta jan ta da ƙarfi. Amma kada ka bar mai faci ya dura mata 50 wai don ta rage shan mai. Tsakiyar tayar zai cinye, birki ya rage kamawa, kuma a damina wannan haɗari ne. Ka sayi ƙaramin geji naka ka ajiye a mota, don na bakin titi da yawa sun gaji.

Sai birki. Bayan ka yi tafiyar minti goma sha biyar ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kai hannu kusa da kowane wili, a hankali. Idan ɗaya ya fi sauran zafi sosai, ko kana jin ƙauri, birkin wannan ƙafar yana riƙewa. A ɗaga motar da jak a juya tayar da hannu. Ya kamata ta juya ba gardama. Sau da yawa tsatsa ce ta kama ƙarfen da birkin ke zamewa a kai, ko wayar birkin hannu ta maƙale. Gyaran ba shi da tsada, amma motar da ke tafiya da birki a kame kamar jaki ne da aka ɗaure wa ƙafa. Idan kuma taya tana cinyewa ta gefe guda, ko sitiyari yana ja, a yi alaimen.

Ka kuma leƙa ƙarƙashin mota da safe. Warin fetur ko ɗigo a ƙasa ba batun tattali ba ne kawai, batun gobara ne. A gyara shi a ranar.

Zafin injin: inda mu mutanen Jos muka fi asara

A nan zan daɗe, don a nan na ga an fi cutar da masu mota.

Injin fetur yana son ya yi aiki da zafin wajen digiri 85 zuwa 100. Kafin ya kai nan, ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira biren bos, tana ƙara masa mai da gangan, domin fetur ba ya ƙonewa da kyau a cikin sanyin ƙarfe. Wannan shi ne aikin da cok yake yi a tsofaffin motoci. Abin da ke taimaka wa injin ya yi zafi da wuri shi ne tamostat, ɗan ƙaramin murfi da ke tare hanyar ruwa zuwa lagireto har sai ruwan ya kai wajen digiri 82 a yawancin motocin Toyota, sannan ya buɗe.

A ƙasar nan an saba da cire shi. Mota na sauka daga jirgi, sai a ce ai wannan na ƙasar sanyi ne, a fidda shi, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga ta da mota har kashewa. Ko a Kano ko Sakkwato wannan kuskure ne. A Jos kuwa kuskuren ya ninka. Muna zaune a kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka kusan digiri 10. Motar da ba ta da tamostat, fanka kuma na kaɗa ta ba tsayawa, za ta kai yara makaranta ta dawo ba ta yi zafi ba. Duk tsawon tafiyar ƙwaƙwalwa tana zuba mata mai kamar yanzu aka ta da ita. Ragowar fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa. Ga asarar mai, ga cin injin a hankali.

Ni ma ya same ni. Na sayi mota hannu na biyu, na yi wata biyu ina mamakin yadda take sha. Wata safiya ta hunturu na kunna hita, iskar da ke fitowa ɗumi-ɗumi kawai, ga allurar zafi tana kwance a ƙasa bayan na yi tafiya mai nisa. Na kai wa wani dattijon bakanike. Bai kwance komai ba, ya kama tiyon lagireto na sama ya ce, "Malam, motarka ba ta da tamostat." Da aka buɗe gidan, wayam. Aka sa sabo, aka mayar da fanka kan na'urarta, awon tanki na gaba ya nuna mini bambancin da idona.

Kai ma za ka iya wannan gwaji a ƙofar gidanka. Da safe, injin na sanyi, ka ta da mota ka taɓa babban tiyon da ya fito daga injin zuwa saman lagireto, ka kiyayi fanka da bel. Idan tamostat na aiki, tiyon zai zauna da sanyi na wasu mintoci, sannan ya yi zafi kusan lokaci guda. Idan ya fara ɗumi a hankali tun daga farko, ko dai babu tamostat, ko ya maƙale a buɗe. Wata alamar ita ce allurar zafi ta sauka ƙasa idan kana gangara mai tsawo. Kuma idan fanka ta fara juyawa da zarar ka murɗa makulli, alhali na'urar sanyaya mota a kashe take, an taɓa wayarta.

Bakanike zai iya ce maka, "Alhaji, in na mayar zai yi obahitin." Ka ce masa a nemi dalilin zafin. Yawanci lagireto ne ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake zubawa maimakon ruwan lagireto na gwangwani, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko fankar ta yi rauni. A wanke, a gyara waɗannan, sannan a sa tamostat mai kyau. Kuma don Allah kada ka taɓa buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Ruwan yana fesowa ne a tafashe.

A sa mata kwamfuta

Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake jona na'urar bincike. Akwai masu wannan aiki a Jos, akwai kuma ƙananan na'urori da ke haɗuwa da wayar hannu. Kafin nan, murɗa makulli ba tare da ta da mota ba, ka ga ko fitilar cek injin ta kama. Idan ba ta kama ba sam, wani ya cire ƙwan ko ya rufe shi don a sayar da motar cikin rufin asiri.

Lambobin da suka fi shafar shan mai kaɗan ne. P0128 yana cewa injin ba ya kai zafinsa, wato maganar da muka gama. P0172 mai ya yi yawa a kan iska. P0171 iska ta yi yawa a kan mai. P0300 zuwa P0306 wuta na tsallake a silinda. P0135 hitar sensar salansa, wato sensar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi, ta mutu. P0101 sensar auna iska ba ta faɗin gaskiya. Ka rubuta su a takarda kafin a goge. Goge lamba ba gyara ba ne, kuma lamba tana nuna inda za a duba ne, ba lallai abin da za a saya ba.

Abin da ya fi lambobin amfani shi ne bayanin da na'urar ke nunawa injin na aiki. Ka nemi a nuna maka abu uku. Na farko, zafin ruwa. Da safe kafin a ta da mota, ya kamata ya yi kusa da zafin iskar waje. Idan sensar tana cewa ana tsananin sanyi alhali injin ya yi zafi, ita ce ke yaudarar ƙwaƙwalwa, kuma ba ta da tsada. Na biyu, gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa awon mai, wanda ake nunawa da kaso cikin ɗari. Injin fetur yana neman iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na mai. Idan gyaran yana tsakanin ragin 10 da ƙarin 10, lafiya lau. Idan ƙarin ya haura haka a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, amma ya sauko idan an ba ta wuta, iska na shiga ta wani tsagaggen tiyo. Idan kuma ragi ne mai yawa, mai na shiga fiye da ƙima, watakila nozul na ɗiga ko abin daidaita ƙarfin mai ya fashe. Na uku, sensar salansa ta gaba. A tsofaffin motoci ya kamata ta riƙa hawa da sauka da sauri tsakanin volt 0.1 da 0.9. Idan ta tsaya cik, ko tana jan jiki, ta gaji. Sababbin motoci da yawa suna da wata irin sensa da ba ta yin wannan hawa da sauka, don haka a tabbatar da irin wadda ke jikin motarka kafin a yanke mata hukunci.

Wannan sensa ta gaba ita ce idon ƙwaƙwalwa. A nan ne maganar abin tace hayaƙi ke shigowa, wanda kanikawa ke kira indomi. Ana sace shi ko a fasa shi saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, kuma wajen yankan da waldar sau da yawa ake lalata sensar, ko a bar ɓula a gabanta. Idan ƙarar motarka ta canza bayan ta kwana a wani wuri, a duba ƙasa. Shi ma indomin in ya toshe, mota takan rasa ƙarfi a hawa, ka yi ta danna totur mai na tafiya.

Iska, wuta da mai

Ciro filtar iska ka ɗaga ta ga rana. In haske ba ya ratsawa, canza ta. Ƙurar hunturu tana cika ta da wuri. A motar kafireto, irin tsohuwar Peugeot 504, toshewar filta kai tsaye take ƙara shan mai, kuma irin waɗannan motoci in an saita su a ƙasa aka hawo da su Jos sukan yi mai da yawa, domin iskar tudu ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Sai a sake saita su a nan. Motar injekta, wato mai nozul, tana gyara wannan da kanta. Ita abin da ya fi cutar da ita shi ne filta mai ɓula ko ta jabu, wadda ke barin ƙura ta hau sensar auna iska. Wannan sensar ana wanke ta ne da maganin feshi da aka yi dominta. Ba a sa mata fetur, ba a goga ta da tsumma.

Fulogi kuwa yana ba da labari. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka. Baƙi mai busasshen kunkunniya yana nufin mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo yana nufin baƙin mai na hawowa. Idan ɗaya ne kawai ya bambanta da 'yan'uwansa, matsalar a wannan silindar take, sai a duba koyil da nozul ɗinta. Ka sayi lambar fulogin da kamfani ya rubuta. Na jabu sun cika kasuwa, kwalinsu ya fi na gaske kyau, kuma araha mai yawa ita ce alamar farko.

Nozul ba a canza shi da zato. A ciro su a sa a injin gwaji, a ga yadda kowanne ke feshi da ko yana ɗiga bayan an rufe. Sau da yawa wanki ya isa.

Baƙin mai ma yana da hannu. Injin da aka rubuta masa 5W-30 ko 0W-20 aka zuba masa 20W-50 mai kauri, zai sha wahalar juyawa, musamman da sanyin safiya. Duba murfin ko littafin motar. A motar giyar hannu, idan ƙarar injin na tashi amma gudu ba ya ƙaruwa, kuloci na zamewa. A mai giya da kanta, ka tabbata tana shiga giyar ƙarshe a kan hanya, kuma fitilar O/D OFF ba a kunne take ba.

Ƙafarka

Wani lokaci motar lafiyarta ƙalau. Al'adar ta da mota a bar ta tana silo minti ashirin wai tana ɗumi ta zama ruwan dare a garin nan. Motar injekta ba ta buƙatar haka. Minti ɗaya ya isa mai ya zagaya, sai ka tashi a hankali, don injin ya fi saurin zafi a tafiya. Ƙaramin injin yakan ƙona abin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya a awa yana tsaye, ya fi haka in na'urar sanyi na kunne. In kana jiran wani a bakin kasuwa, kashe ta.

Figar mota daga danja zuwa danja, da bin bayan wani kurkusa kana taka birki kana ba da wuta, suna cin mai fiye da yawancin lalacewar da na lissafa. A doguwar hanya, gudun 80 zuwa 90 ya fi 120 tattali nesa ba kusa ba. Ka sauke buhuna da tarkacen da suka yi wata a but, ka cire kariyar saman mota in ba aiki take yi ba. Ka haɗa aike-aikenka a fita ɗaya, domin gajerun tafiye-tafiye da injin mai sanyi su ne mafi tsada.

Sai maganar sa mota a firi, wato a fidda ta daga giya, a gangara, wadda na ga direbobi na yi a Hawan Kibo da ke hanyar Akwanga zuwa Jos. Ka bari, ɗan'uwa. Motar injekta idan tana cikin giya kuma ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙwaƙwalwa tana yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa firi, dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Ba ka tsira da komai ba, kuma ka ɗora wa birki nauyin motar duka a kan gangarar da ta ci rayuka da yawa.

Bayan gyara

A gyara abu ɗaya ko biyu, sannan ka sake awon tanki kamar na farko, a hanyoyin da ka saba. Idan an cire batir ko an goge lambobi, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar 'yan kwanaki kafin ta sake daidaita kanta, don haka bayan gyara awo na biyu ya fi na farko gaskiya. Ka ajiye ɗan littafi a mota, ka riƙa rubuta rana, lambar mita, lita, da abin da aka taɓa. Ka kuma karɓi tsohon kayan da aka cire.

Idan duk an bi waɗannan motar ba ta sauya ba, ga shuɗin hayaƙi, ga baƙin mai na raguwa tsakanin juye da juye, a gwada ƙarfin matsin kowace silinda da geji. Ya kamata lambobin su yi kusa da juna. Wadda ta faɗi ƙasa sosai, a ɗiga mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. In lambar ta tashi, ringi ne ya ci. In ba ta motsa ba, a duba bawul ko gasket. Da waɗannan lambobi a hannunka za ka zauna da bakanike ku yi maganar ko a buɗe injin, ko a nemo wani.